Guduma da Kwandunan Ɗakin Hutu

Ni na riga kowa ganin faɗuwar Guduma, kuma ba a takarda na gani ba, don ko sunana ban iya rubutawa. Shekara talatin da ɗaya ina gadin ƙofar garejin nan. Manaja biyar na buɗe wa ƙofa suka fita da kwalayensu, gobara ta ci rufin ɗakina na fito da ƙafata. Mai irin idona ba a yi masa ɓoyo.

Guduma shi ne babban bakanike. Manyan motocin kamfani duk a hannunsa suke, ramin gyara kuwa, inda ake shiga ƙarƙashin mota, ba mai sauka sai da izininsa. Cinsa ma sananne ne: soyayyen nama mai kitse, lemon kwalba uku kafin rana ta take, shayi kuwa sai cokali ya kusa tsayawa a cikin sukari.

Ana nan sai kamfani ya ɗauko wata nas, 'yar siririya mai tabarau. Makonta na farko ta sa aka fitar da firjin lemon kwalba daga ɗakin hutu, ta jera kwanduna a kan tebur, ayaba da gwaiba da karas da kokwamba. Sannan ta ce kowa ya zo gwaji.

Da ta kwance abin awon jini daga damtsen Guduma, sai ta tura ƙofa.

"Baba, jininka ya hau sosai, sukari ma haka. Dokar kamfani ta hana mai irin wannan shiga ƙarƙashin mota. Jiri zai iya ɗibarka."

"Jirin uban wa?"

"Ba zan kai wa manaja takardar gwajinka yanzu ba. Na ba ka wata ɗaya. Ka rage gishiri da kitse, ka bar lemon kwalba, ka riƙa cin abin da ke kwandunan can. In ka dawo na ga ya sauka, a gabanka zan yaga ta."

"Ke 'yar nan, ina kwance inji tun uwarki tana goye. Ni za ki mayar akuya?"

Ya fito yana huci. In aka raba shi da ramin nan, to me ya rage? Ya juya maganar ya juya, har ya tsaya a kan dabara guda: in aka kori nas kafin wata ya cika, takardar ma ta bi ta. Ya tara kanikawa a bakin rami.

"Kun ga abin da aka mayar da mu? An ɗauke mana abin sha an kawo mana ciyawa. Gobe nama za a hana mu. Duk wanda na ga hannunsa a kwandon nan, ya nemi wani maigidan."

Sanƙo, bakanike na biyu, wanda ya riga ya ɓare ayaba, ya jefa ta a bokitin baƙin mai.

Daga ranar aka sa mata suna Uwar Zomaye. In ta ratsa fili sai a kama kukan tumaki. Wani ya cusa mata karas a salansar mota. Ayaba ta yi baƙi, gwaiba ta ruɓe, ƙudaje suka tare a ɗakin hutu. Ita kuwa duk sanda suka lalace sai ta zubar ta kawo sabo.

To amma tsoro ya riga ya shigi Guduma. A gida ya ce wa matarsa ta rage gishiri.

"Lafiya, baban yara? Kai da kake cewa miyata lami ce?"

"Ki yi abin da na ce, ban son surutu."

Ya koma zuwa wata kasuwa mai nisa inda ba a san shi ba, ya sayo kokwamba da gwaiba, ya ɓoye a akwatin sifanu ƙarƙashin tsummoki. Sai ya kori kowa daga rami, ya kwanta a ƙarƙashin mota yana ci da hannu duk mai. Ni da kunnena na ji ƙurus-ƙurus tana fitowa daga ƙasan tirela, na kuwa kama bakina. Kwalbar lemon da yake ɗagawa a gaban mutane, rabi a ƙasa yake tuttular da ita. Ciwon kai ya sake shi, wandonsa ya fara zamewa. Hakan kuma ya ƙara masa haushinta, don ta yi gaskiya.

A mako na huɗu manaja ya leƙa ɗakin hutu, wari ya mayar da shi baya. Ya ce shirin ya mutu, aikin nas zai ƙare ranar Juma'a. Kanikawa suka yi ta buga ƙarafa suna ihu. Guduma ya ɗauka ya sha.

Ran Juma'a, ana tsakar hutu, sai ga ta da abin awo a hannu. Mutum ashirin ne a ɗakin.

"Baba, na aika maka sau uku ka ƙi zuwa. Yau zan miƙa duk takardu kafin in tafi, taka tana ciki yadda take. Ba ni hannunka, minti biyar. Na ga fuskarka ta sauya, na san kana yin abin da na ce."

Sanƙo ya ajiye kofinsa.

"Wace takarda, maigida? Me kake yi da ba mu sani ba?"

Guduma ya san jinin ya sauka, a jikinsa yake ji. Naɗe hannun riga ne kawai ya rage masa. Ya dubi mutanen da ya hana ayaba wata guda, duk sun zuba masa ido. Sai ya kai wa tebur mangari, kwanduna suka tarwatse, gwaiba ta gangara har bakin ƙofa.

"Ni? Ganyenki bai taɓa shiga bakina ba! Maƙaryaciya! Fita!"

"Baba, ko don 'ya'yanka."

"Kar ki sake sa 'ya'yana a bakinki!"

Ta ɗan tsaya tana jira. Da ta ga ya juya mata ƙeya, ta naɗe igiyar abin awonta ta hau bene, ta miƙa wa manaja takardun.

Ran Litinin aka ba Sanƙo rami, aka mayar da Guduma tagar sito yana miƙa noti da tsumma. Ya hau ofis har sau biyu yana roƙon a sake gwada shi, ya ce zai kawo takarda daga ko wane asibiti. Manaja ya ce awon nas ɗin kamfani kaɗai doka ta sani, kuma ba za a ɗauki wata ba tunda ma'aikata sun nuna ba sa so.

Yana nan har yau. Wanda yake ganin ƙarya nake shararawa, tagar sito ba nisa, ga ta can bayan famfo. Ya je ya tambaye shi ko jininsa ya sauka, in ya dawo da haƙoransa cif, ni zan ba shi kujerata.