Ƙarfen da Ya Kori Zuma

Malam Ubaidullahi ya daɗe yana koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Funtua, ya saba bayyana gaskiya ga mutanen da ba su tambaye shi ba. Don haka da yayansa Maitama ya bugo waya ya ce ƙarfen sabis na kashe masa ƙudan zuma, hankalinsa bai tashi ba. Ya ɗauka aikin wuni guda ne. Ya sa littafi a jaka, ya shiga motar Malumfashi, daga can ya hau babur zuwa ƙauyensu da ke bayan Kafur.

Maitama ya gaji kiwon zuma daga mahaifinsu. A da, kowace ɗorawa a bakin gari da amyarsa a kai, irin ta ciyawa da ake shafa wa kashin shanu. Yanzu ɗaya ce ta rage da rai, a kan ɗorawar bayan gidansa. Matarsa Lauratu ta rasu bara waccan. 'Ya'yansa suna Kaduna da Abuja, suna turo masa hoton fure da addu'a duk Juma'a, irin wanda suke tura wa kowa.

Bayan gaisuwa da kwanon fura, Maitama ya ja ƙanensa zuwa gindin ɗorawar. Ya nuna ƙasa, inda matattun ƙudan suka yi baƙi. Ya ɗaga hannu ya nuna ƙarfen da aka kafa kusa da firamare.

"Ga shi can. Tun da suka kafa shi ƙudan ba sa gane hanyar gida. Yana fitar da wani abu da ke juya masu kai."

"Wa ya gaya maka, Yaya?"

Maitama ya ciro waya ya kunna saƙon murya. Wani mutum ne mai kyakkyawar Hausa, wanda bai faɗi sunansa ba saboda, in ji shi, ana neman ransa. Ya ce manyan ƙasashe sun shirya kashe ƙudan zuman Afirka don amfanin gona ya daina yi, mu koma sayen iri a hannunsu. Ya ce wanda duk ya ƙaryata, a bincika, an biya shi.

Ubaidullahi ya yi dariya, ya buɗe littafi. Ya yi bayanin yadda ƙudan zuma ke bin rana wajen gane hanya. Ya zana hoto a ƙasa da tsinke. Ya ce a Funtua akwai irin wannan ƙarfe a kowace unguwa, kuma zuma na nan cikin silin ɗin makarantarsu, sun hana ɗalibai sakat. Bayanin ya yi kyau ƙwarai, shi kansa ya ji daɗinsa.

Maitama ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Haka mutumin ya ce za ku ce."

"To ni nawa aka biya ni? Ka ga takalmina kuwa?"

"Ai ku ba sai an biya ku ba, Ubaidu. Tun kuna yara aka zuba maku."

Suka koma zaure. Nan Ubaidullahi ya lura da abin da ya kamata ya gani tun shigowarsa. Tabarmin da aka jingine a bango sun yi ƙura. A zamanin Lauratu zauren ba ya rabo da mutane, don tuwonta na fitowa da yawa. Da tuwon ya daina fitowa, masu zumuncin suka tuna suna da ayyuka.

Da la'asar ya koma gindin ɗorawar shi kaɗai, ya tsuguna ya ɗauki ƙuda ɗaya a tafin hannu. Harshensa a waje, a miƙe. Ya ɗauki wani, shi ma haka. Wasu ba su gama mutuwa ba, suna ta juyi a ƙasa suna karkarwa. Wannan ya san shi, yana ma cikin littafin da ya ɗauko, a babin da bai buɗe ba: guba ce. Ya miƙe ya duba. Daga katangar gidan zuwa ƙasa gonar wake ce, ta yi fure fari fat, iska na kaɗowa daga can ɗauke da warin maganin feshi. A kan kunya ga wata kwalba an yar.

Gonar Baƙo ce. Baƙo Bamaguje ne, maƙwabcin Maitama tun suna kiwon awaki. Ubaidullahi bai jima da tsayuwa ba sai ga Baƙo ya taho yana jan ƙafa, da goro a hannu.

"A'a, ɗan boko ya zo! An kawo mana hasken Funtua ke nan? Ina limamin zuma?"

Maitama ya leƙo daga zaure, fuskarsa ta canza kamar an kunna fitila. "Ka zo, mara alwala? Zauna can nesa, kada ka karya mani tawa."

"Taka da ba ta kai minti biyu ba tun muna yara."

Maitama ya yi sallarsa, Baƙo na zaune yana jira, yana kore masa kaji daga gaban tabarma. Bayan sallama aka fasa goro, aka shiga zagin ƙarfe. Baƙo ya ce shi ma tun da aka kafa shi gwiwarsa ba ta sake daidai ba. Maitama ya ce kajinsa sun rage ƙwai. Suka yi ta jera masa laifuka suna dariya, har da raɓar da ta yi ƙaranci bana. Ubaidullahi na gefe da gaskiyarsa a baki, ya rasa inda zai ajiye ta.

Da Baƙo ya tafi, Ubaidullahi ya ce, "Yaya, ka taɓa duba bakin ƙudan da suka mutu?"

"Na duba."

"Yaushe suka fi mutuwa?"

Maitama ya daɗe yana kallon ƙofar da Baƙo ya fita. "Idan wake ya yi fure."

"To ai ƙarfen ba ya jiran wake ya yi fure."

"Ubaidu." Ya faɗi sunan a hankali. "Waken nan shi ke ciyar da jikokinsa. In bai fesa ba tsutsa ta cinye. Ranar da aka kai Lauratu, shi ya fara zuwa da gatari ya sari itacen kabari, ya tsaya can nesa har aka gama. Tun daga ranar bai taɓa fashin zuwa nan ba. Kai sau nawa ka zo?"

Ubaidullahi ya ƙirga a zuciyarsa, lissafin bai yi tsawo ba.

"Ƙarfen nan kuwa," in ji Maitama, "bai zo mani gaisuwa ba. Ina iya zaginsa daga safe har yamma, gobe in tashi ban rasa kowa ba. Kuma mutumin nan na waya ba ƙarya yake yi ba. Akwai abin da suke ɓoyewa."

Ubaidullahi ya kasa gane ko yayansa ya yarda da maganar ƙarfen, ko so yake ya yarda. Ya ga alama shi ma Maitaman bai sani ba, kuma ba ya buƙatar wani ya zo daga Funtua ya raba masa su. Abin da ke fili shi ne Baƙo zai sake feshi kafin kasuwar Kafur mai zuwa, kuma amyar ba za ta kai kaka ba.

"Yaya, ni ban yarda ƙarfe ne ba, kuma ba zan ce maka na yarda ba. Amma mu gwada. Tsamiyar gonar Inna ta bakin rafi tana nan?"

"Tana nan."

"Akwai nisa tsakaninta da ƙarfen?"

"Ko ganinsa ba a yi daga can."

"Me ake shukawa a wajen?"

"Dawa ce kawai, sai ciyawar fadama." Maitama ya dube shi, ya kawar da kai. "Ba mai wake a can."

Washegari bayan sallar asuba, kafin ƙudan su fara fita, suka toshe bakin amyar da tsumma, suka sauko da ita da igiya. Malamin ilimin halittu ya sha harbi a wuya da bayan kunne, ya yi ihun da bai dace da digirinsa ba. Amalanken shanun Baƙo aka ara. Shi ya kora da kansa, a hankali, yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da mara lafiya. Da suka wuce gonar wakensa bai dubi dama ba, bai dubi hagu ba. Da aka ɗaure amyar a kan tsamiya, ya juya wajen gari ya ce, "To, sai ka biyo su nan mu gani, ɗan banzan ƙarfe."

Ubaidullahi ya koma Funtua da kumburarren wuya, ya shiga ɗakinsa na haya, inda ba mai tambayarsa me ya same shi.

Bayan an yanke dawa, wata Juma'a da yamma wayarsa ta yi ƙara. Maitama ne, muryarsa tar, sabis cike.

"Malam, sun yi saƙa har bakin amya! Ka ga dai ƙarfen ne. Duk garin nan yanzu an tabbatar."

Ubaidullahi ya buɗe baki. Bayanin na nan a shirye, da misalai. Ta cikin wayar ya jiyo muryar Baƙo yana cewa a gaya wa ɗan boko ya zo ya ɗanɗana, in wuyan ya sace.

"Yaya, ni har yanzu ban yarda ba."

"Na sani. Zan sake kiranka Juma'a mai zuwa in ƙara maka bayani."

"To, ka kira," in ji Ubaidullahi. Ya sa wayar a caji, ya ajiye ta kusa da filo, inda zai ji in ta yi ƙara.