Ranar da Armaya'u Ya Tsallake Gidaɗo

Shekarar da aka samu mulkin kai aka ɗauke Armaya'u daga Tambuwal aka kai shi Kebbe ya riƙe ɗakin shan magani. Bai san kowa ba, matarsa kuma tana gidansu wankan jego. Wata biyu yana cin tuwo shi kaɗai kafin dattawan gindin tsamiya su ce ya riƙa kawo akushinsa a yi ciyayya.

Daɗi ya kwashe shi, bakinsa ya rasa linzami. Ran nan bayan la'asar ya ba su labarin fim ɗin da ya gani a silima a Sakkwato: wani Bature mai zaƙo-zaƙon haƙora yana shan jinin mutane, yana dambe da wani mai rikiɗa kamar kura. Har tashi ya yi ya gwada yadda ake cafke wuya, a kan Gidaɗo, wani mai shanu da ke kusa da shi. Ba wanda ya yi dariya. Dattawan suka shiga tunani: mutumin da aikinsa huda yatsu da ɗibar jini, ina ya san wannan dalla-dalla haka?

Bayan kwana uku zazzaɓi ya kayar da Gidaɗo. Wansa Na'Allah ya zo ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin shan magani.

"Malam, ba faɗa nika nema ba. Taho ka tsallake shi."

Armaya'u ya san al'adar. Maye ake sa wa ya tsallake wanda ya kama, don ya saki kurwarsa. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Masassara ta, Baba. Ga ƙwaya, ka kai mishi."

"Ba shi shan komi daga hannunka sai ka tsallake."

Ya je ya tarar da Gidaɗo yana kakkarwa, idanu sun juye. In ya ƙi, mutum zai mutu. In ya yarda, ya amsa sunan. Ya tuɓe takalmi, ya tsallake sau uku gaban jama'a, sannan ya ɗura masa maganin.

Gidaɗo ya miƙe kafin Juma'a. Gari ya ɗauka, kowa na cewa ai da ma an faɗa, ga shi ya sake shi.

Da yamma Armaya'u ya ɗauki akushinsa ya nufi tsamiya. Suka amsa sallamarsa cikin mutunci, har da tambayar gajiya. An shimfiɗa masa sabuwar tabarma, mai kyau, can gefe, shi kaɗai.