Ƙwallon da Ubale Bai Ajiye Ba

Kun gan shi, kada wani ya ce bai gan shi ba. Kun gan shi a layin kedai, kantin nan na ƙasan benenmu a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur, ledar shinkafa a hannun hagu, ƙwallo mai siffar gwanda a maƙale a ƙirjinsa da hannun dama. Kun gan shi a lif, kun gan shi a tashar jirgin Taman Melati. Wata goma sha tara ke nan. Kuka sunkuyar da kai kan wayoyinku, takunkumi ya rufa muku asirin dariyar da kuke yi. Babu wanda ya tambaye shi dalili.

Ni ma ban tambaya ba sai a watan jiya, kuma laifina ya fi naku. Ni ne Tajuddeen, sakataren ƙungiyarmu ta ɗalibai, kuma da yatsana na tura bidiyon nan cikin guruf. Daƙiƙa tara ne tsawonsa. Ubale, sanye da hular kwano da rigar ƙungiyar ƙwallon Amurka ta ɗaliban jami'arsu, ya karɓi ƙwallo, ya yi taku uku, wani ƙato ya banke shi daga gefe, ƙwallon ta suɓuce tana tsalle a ciyawa. Mu ɗari da arba'in ne a guruf ɗin, mun kwana biyu muna dariya. Shugabanmu, Dokta Abdulwahidu, ya rubuta: "An turo ka karatu, ka ɓuge da kokawa." Kwana huɗu bayan wasan aka rufe ƙasar saboda annoba.

Tagar ɗakina a hawa na tara tana kallon wurin ajiye motoci na hawa na huɗu. Kullum bayan gari ya waye nakan hango Ubale a can. Yana jera robobin ruwa shida, ya koma baya, ya duƙa, sannan ya taso da gudu yana ratsa su, ya karkata hagu, ya yanke dama, ƙwallon a ƙirjinsa. Ba mai miƙa masa, ba mai bin sa. In ya kai bango sai ya dawo da tafiya ya sake. Shekara ɗaya da rabi ina ganin wannan, ina jan labule ina komawa kan rubutun digirina.

A watan jiya muka haɗu a layin mamak, shagon abincin nan, kowa ya zo yin tapau, wato sayen abinci a ƙunshe, ya koma ɗaki. Yana gabana, tsaye a kan jan tef ɗin da aka manna a ƙasa don a ba da tazara.

Na ce, "Ubale, ƙwan nan har yanzu bai ƙyanƙyashe ba?"

Ya waiwayo a hankali. "Sakatare. Ka san tun azumi babu wanda ya yi mini Hausa baki da baki sai kai yau?"

Na bar rahar. Na ce, "To mene ne na yawo da ita? Mutane fa suna magana."

"Dokar Koci Razali ce. Duk wanda ya saki ƙwallo a wasa zai ɗauke ta ko'ina har ranar atisaye na gaba. Aji, kanti, bas. Salla da wanka da barci kaɗai aka yarda ka ajiye. Duk ɗan ƙungiyar da ya gan ka yana da izinin kai mata duka ba sanarwa. Ranar atisaye sai mutum goma su jeru, biyar nan biyar can, ka ratsa tsakiyarsu kowa yana ƙoƙarin fizge ta. In ka fita da ita, koci ya busa usur, ka ajiye, magana ta ƙare."

"Sai aka yi yaya?"

"Asabar na sake ta. Laraba ce atisaye. Laraba aka rufe gari."

"Ai an ɗan sassauta bara."

"Filin bai buɗe ba. Rabin 'yan ƙungiyar kuma sun koma ƙasashensu."

"To ka kira kocin mana ya yafe maka."

Layi ya matsa, ya taka zuwa tef na gaba kafin ya amsa. "Duk Laraba yakan turo mini tambaya ɗaya: tana hannunka? In ɗauki hoto in tura masa. Ya ce, sai mun haɗu a fili, lah, irin yadda mutanen nan ke rufe magana. A watan Yuli cutar ta kama shi. Kwana goma sha ɗaya ya yi."

Na yi masa ta'aziyya, wata biyu a makare. Sai kuma, ban san abin da ya shiga kaina ba, na bar kan tef ɗina na ɗaga hannu na kai wa ƙwallon duka da iyakar ƙarfina. Kamar na mari bango. Ko motsi ba ta yi ba, yatsuna kuwa sai zogi. Mai shagon ya ɗaga murya yana nuna mana tef. Ubale ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa, sannan dariyar ta tsaya, ya juya fuskarsa wajen titi.

Ya ce, "Wata goma sha takwas ba wanda ya kai mata hannu."

A ranar na nemo cikakkun wasanninsu a intanet. Bakwai ne, kuma wanda aka fi kallo a cikinsu mutum talatin da ɗaya suka buɗe shi. Na zauna na kalle su duka da biro da takarda, ina koyon wasan a hanya. Ga abin da kuke buƙatar sani. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba yadi goma. Akwai mai jifa, akwai masu cafewa, su ake wa tafi, su kyamara take bi. Aikin Ubale daban ne. Shi ake miƙa wa ƙwallo hannu da hannu, ya nufi daidai inda ƙartin suka fi yawa, ya kutsa. Yadi uku. Yadi huɗu. A danne shi, ya tashi, ya miƙa wa alƙali ƙwallo, ya koma layi. In kuma ba shi za a ba ba, sai ya tsaya gaban mai jifa ya tare mutumin da ya fi shi nauyi da kilo talatin, don wani ya sami daƙiƙa biyun da zai yi jifan da za a tafa masa.

Sau ɗari da goma sha biyu aka miƙa masa ƙwallo a wasanni bakwai. Sau ɗaya ya sake ta. Wannan ɗayan muka sani.

Akwai wani wuri a wasa na biyar da na maimaita har sau shida. Dama ta huɗu ce, saura yadi ɗaya, in ba a samu ba ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Mutum uku suka rufe shi tun kafin ya kai layi. Jikinsa ya ɓace a cikinsu, ƙafafunsa kawai ake gani suna tonon ƙasa, ba su daina ba, har tarin mutanen ya gangara gaba yadi biyu. Mai sharhi ya yabi dabarar mai jifa. Ko sunan Ubale bai kira ba. A wasa na bakwai kuma, minti ɗaya kafin daƙiƙa taran da muka yi wa dariya, an taka masa hannu. Ana ganin sa a gefen hoto yana naɗe yatsu biyu da filasta da haƙoransa, ya koma ciki, domin ba su da wanda zai canje shi. Wanda ya yanko bidiyon bai sa wannan ba, ni kuma da na tura ban nema ba.

Yanzu an buɗe filaye ga waɗanda suka yi rigakafi biyu. Ubale ya kammala digirinsa na biyu, jirginsa na komawa gida ranar Litinin ne. 'Yan ƙungiyarsu biyu kacal suka rage a Kuala Lumpur, kuma sun ce za su zo. Matar marigayi Koci Razali ta aiko masa da usur ɗin a ambulan. Ba zai iya gudu yana busa wa kansa ba, shi ya sa ya damƙa mini. Saura mutum takwas.

Na kira Dokta Abdulwahidu. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum takwas nake nema ranar Asabar, minti goma kawai."

Ya saurari bayanin har ƙarshe, sannan ya ce, "Tajuddeen, kai dai zafin kanka ya yi yawa. Mutane na fama da rubutu, ga iyali. Wannan wasan ma wa ya san shi? Ka sa a ajandar taron watan gobe."

"Litinin zai tafi, Dokta."

"To Allah ya kai shi lafiya. Sai mu rubuta masa takardar yabo, ka tsara ka kawo in sa hannu."

"Bai nemi takarda ba."

"To ya ajiye ƙwallon mana. Wa ya riƙe masa hannu?"

Na maimaita masa abin da Ubale ya gaya mini da na yi masa wannan tambayar: in ya ajiye ta haka kawai, abin da ya yi na ƙarshe a wasan da ya ba shekara biyu na jikinsa shi ne sakin ƙwallo, kuma a garinsu Gumel babu wanda zai jeru masa. Dokta ya ce zai duba. Na san ma'anar zai duba, ni nake rubuta bayanan taronmu.

Kwana uku da suka wuce na sa sanarwa a guruf. Mutum casa'in da shida sun karanta. Amsa ɗaya ta zo, hoton fuska mai dariya. A yammacin ranar kuka yi saƙo sama da ɗari uku kan ƙwallon ƙafar Ingila, kuna faɗa a kan 'yan wasan da ba su san da zamanku a duniya ba. Namu yana hawa na shida, ɗaki na ƙarshe kusa da matakala.

Yau da safe na sauka wurin motocin. Na tarar ya jera robobinsa. Na ture su da ƙafa na tsaya a wurinsu.

Na ce, "Ka wuce ni sau goma ina kai mata duka. Ɗaya sau goma ai goma ne. In busa maka, ka huta."

Ya yi murmushi. "Da lissafi ne, Sakatare, da na gama tun bara. Ba haka dokar take ba."

"In ba su zo ba fa?"

Ya gyara riƙon ƙwallon, ya tura kanta cikin tafin hannunsa, ya matse ta da gwiwar hannu. Fatar wurin ta yi baƙi saboda gumi. "Sai in hau jirgi da ita."

Ya mayar da robobin inda suke ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a gefe da usur a aljihu ina kallon sa yana ratsa su.

Asabar, ƙarfe takwas na safe, filin da ke bayan tashar Taman Melati. Ba sai ka san wasan ba. Ka zo da shaidar rigakafinka a waya da takalmin da ba zai zame ba. Za ka tsaya a layi, in ya zo wucewa ka kai wa ƙwallon hannu da gaske. Kada ka tausaya masa, zai gane, kuma zai ce a sake. Mutum takwas nake nema. Kai da kake karanta wannan, kada ka ajiye wayar. Rubuta sunanka a ƙasa yanzu.