Takardar Ilyasu

"Alhamis biyu ke nan, Baba Ya'u," in ji Maliki. "Alƙali ya ce wannan ce ta ƙarshe. In ba ka zo ba, ya rufe maganar."

Yana tsaye bakin rumfata a Sabon Gari, da silifa da ya yanke wa madauri, don ƙafafunsa sun kumbura ba su shiga komai. Ni kuwa ina zaune ina tufkar igiya, ban ɗaga kai ba.

"Ta farko ciwon baya ne," na ce. "Ta biyu gaisuwar rasuwa na tafi Jiratawa. Ni na kashe mutumin?"

"Ba a yi rasuwa a Jiratawa ranar nan ba, Baba. Can na wuni."

Na ce masa ya wuce lakwal, wato makaranta, yara na jiransa. Ya tsaya kaɗan yana mai da numfashi, sannan ya ja ƙafa ya tafi.

Maliki maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Gyaran injin ban-ruwa ne sana'arsa, kuma duk lambunan Jiratawa ba wanda bai san hannunsa ba. Shekara biyu da suka wuce ya kai ɗiyarsa lakwal ɗin unguwa, ya tarar da aji mai yara kusan casa'in ba malami, suna ta jifan juna da takalma. Ya shiga don ya tsawata musu, sai ya ɗauki alli. Tun daga nan safiya uku a kowane sati yana can, ba wanda ya ɗauke shi aiki. Da kwandunan tumatir yake koya musu lissafi. Yara na ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, da baƙin mai a farcensa.

Bana sai ya ce zai bar injuna ya yi konkur, wato jarrabawar shiga aikin malanta. Matarsa Tahira ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, daga baya ita ta saya masa jakar zuba takardu. Da ya kai dosiye, wato takardun neman shiga, aka duba takardar haihuwarsa, aka ce shekarunsa sun wuce iyaka.

Takardar ba tasa ba ce. Ta yayansa ce, Ilyasu, wanda ya girme shi da shekara huɗu. Shi Ilyasu a gidan likita aka haife shi, da ƙyar, shi ya sa ya samu takarda. Maliki kuwa a ɗaki aka haife shi, ba wanda ya rubuta. Da ya isa sawa lakwal aka ce sai da takarda, ubansa ya buɗe akwati ya ɗauko ta Ilyasu. Direktan lakwal na lokacin ya dubi yaro, ya dubi takarda, ya ce yunwa ce ta hana shi girma. Haka ya yi karatu har ya ci birbe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, da sunan yayansa.

Alƙali ya ce ana iya gyarawa, amma sai shaidu biyu. Ɗaya da ya ga haihuwar Maliki, ɗaya da ya ga mutuwar Ilyasu. Na farko yana nan: Maman Lawali wanzami, shi ya yi masa askin suna. Na biyu kuwa, duk duniya ba wanda ya rage sai ni.

To, ku ji wane ne ni. Ban taɓa zama a gaban allon nasara ba, amma ba wanda ya taɓa cuta ta a kasuwa. Na haura tamanin, da haƙorana nake cin gyaɗa. Shekarar babban fari, lokacin da aka ci dusa aka rasa, ni na taso da mutanen ƙauyenmu daga arewa, a ƙasa, kwana shida, muka shigo Maraɗi. Mutum talatin da ɗaya. Duk majalisar da na zauna a garin nan na faɗa: talatin da ɗaya na taso da su, talatin da ɗaya na kawo, ko akuya ban bari a hanya ba. Saboda haka ake ce mini Ya'u Jagora. Jikokin mutanen nan har yau suna kawo mini ƴaƴansu in shafa musu kai.

Talatin na kawo. Uban Maliki da uwarsa sun sani, wasu ma sun sani, amma takarda ta yi amfani, kowa ya ja bakinsa. Ɗaya bayan ɗaya na raka su maƙabarta. Uwar ce ta gaya wa Maliki kafin ta cika.

Ranar Laraba da hantsi ina rumfa na ji ihun yara daga wajen lakwal. Ba ihun wasa ba ne, na san bambanci. Na ajiye igiya na tafi, kuma duk samarin da suka biyo ni a baya suka iso.

Maliki ne kwance gaban allo, alli a hannu, fuskarsa ta yi suntum. Madam Saudatu, shugabar lakwal ɗin, tana yi masa fifita da littafi tana korar yara.

"Ku koma baya! Baba, kama mini kafaɗarsa."

Na ɗaga shi. Da wannan kumburi duka, bai kai buhun gero nauyi ba. Aka tare adaidaita muka kai shi likita.

Da la'asar likita ya fito ya kira Tahira gefe. Ban ji duka ba, na dai ji ƙoda, na ji "kun makara". Da ta dawo ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan benci nesa da ni, ta gyara mayafi.

"Baba, ban taɓa ɗaga maka murya ba."

"Kuma ba yau za ki fara ba, ɗiyata."

"Wata uku yana fitsarin jini. Na ce mu zo likita, ya ce sai an gama zancen takarda, kar a kwantar da shi ranar alƙali ta wuce. Ranar ta zo sau biyu, Baba. Shi ya je."

Na nufi ƙofar ɗakin da aka kwantar da Maliki.

Aka bar ni na shiga. Sun sa masa roba a hannu. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Wa ya riƙe yaran?"

"Madam."

"Ba ta san inda muka tsaya ba. Rabawa muka fara." Ya lumshe ido, na ɗauka ya yi barci. "Baba, gobe Alhamis."

"Ka warke tukuna. Takarda ba ta gudu."

"Ba don konkur ba yanzu. Na ji abin da likita ya ce, ƙofa a buɗe take." Ya juyo ya dube ni. "In na mutu za su rubuta Ilyasu ya mutu. Shi sau biyu ke nan. Ni kuma ko zuwa ban yi ba."

Na ce masa ya bar zancen banza, ni na ga waɗanda suka fi shi jin jiki sun tashi sun yi noma. Ya rufe ido. Bai roƙe ni ba kuma.

Da safe na sa babbar rigata ta Sallah. Na biya wa Maman Lawali, na tarar ya shirya yana zaune a ƙofar gida. Shekara arba'in muna majalisa ɗaya da shi, kuma ba wanda ya sha jin labarin talatin da ɗaya kamarsa.

"Yau ba rasuwa a Jiratawa?" ya ce.

"Tashi mu tafi, tsohon banza. Ko sai na goya ka?"

"Kai dai da goyo. Ni abin da ban gane ba, me aka ce ka shaida? Yaron nan Ilyasu ba a nan Maraɗi ƙyanda ta kashe shi ba?"

Ni na gaya masa haka, shekaru da yawa.

A jistis, wato kotu, aka zaunar da mu a baranda har rana ta take. Tahira na gefe da jakar takardu a cinya, wayarta a hannu, don ƙanwarta ta bari wajen Maliki. Duk lokacin da wayar ta yi motsi sai in dubi fuskarta. Sau biyu na tashi kamar zan kama ruwa, na kai bakin ƙofar fita. Ba wanda ya riƙe ni. Na dawo da ƙafata.

Alƙalin yaro ne, jikana ya girme shi. Aka sa mu rantsuwa. Maman Lawali ya faɗi nasa: damina biyu bayan babban fari, a gidan haya na bayan kasuwa, ya yi wa jariri aski aka sa masa Maliki, kuma ko rago ba a yanka ba, ɗan akuya ne.

"Kai fa, Baba? Ka ga mutuwar Ilyasu da idonka?"

"Ranka ya daɗe, a bayana ya mutu."

Na ji Maman Lawali ya juyo.

"Yi mini bayani."

"Shekarar fari ce. Muna tahowa a ƙasa. Uwarsa ta kasa, na karɓe shi na goya da rawanina. Shekararsa biyu. Rana ta biyar muka iso wata rijiya kafin Tsibiri, mata suka ce a tsaya a yini, yara sun galabaita. Na ce a'a. Na ji ana rabon hatsi a Maraɗi, na ce in muka tsaya za a gama ba mu iso ba. Ni ne jagora, aka bi ni cikin rana."

Mai rubutu ya dakata yana kallona. Alƙali ya yi masa nuni ya ci gaba.

"Yana kuka, yana kuka, sai ya bari. Na ce wa uwar barci ya yi. Na san ba barci ba ne, don na ji bayana ya yi sanyi. Na ci gaba da tafiya da shi haka har muka hango Tsibiri, don kar mutane su zauna su kasa tashi. A bakin wata gona ni da ubansa muka haƙa da wuƙa da hannu."

"Ba a sanar da kowa ba?"

"Wa za a sanar, ranka ya daɗe? Mai gari ma yana neman abin da zai ci."

Alƙali ya daɗe yana duban takardun. Ya tambayi inda mai ƙara yake, Tahira ta miƙa takardar likita. Ya karanta, ya ce ya karɓi shaida, hukunci zai fito bayan sati biyu. Aka kawo tawada na dangwala yatsa.

Muka fito ni da Maman Lawali har muka kai titi. Na jira zagi, na jira dariya. Sai ya kama hannun rigata don mu tsallaka, kamar ni ne ba na gani.

"Talatin ɗin ma," ya ce, "ni ban kawo ko ɗaya ba."

"Sakar mini riga, za ka yaga."

Muka samu Maliki da rai. Idonsa a rufe, numfashi sama sama. Tahira ta sunkuya ta gaya masa a kunne. Bai motsa ba. Na matsa na kama hannunsa, na goga masa babban yatsana a tafin hannu, tawadar ba ta gama bushewa ba.

"Na faɗa, Maliki. Duka na faɗa, a gaban wannan wanzamin ma."

Ya ɗan matse yatsan. Ko ya ji ko bai ji ba, Allah ya sani. Ni dai na ce ya ji.

Ranar Asabar da hantsi ya cika. Masu lambu suka zo daga Jiratawa a bayan mota, da laka a ƙafafunsu. Madam Saudatu ta kawo yaran aji suka tsaya jikin katanga, sun yi tsit, abin da ban taɓa gani ba. Tahira ta hana a karɓo takardar mutuwa. Ta ce sai ta alƙali ta fito, ko za a yi wata.

Labarin jistis ya riga ni isa majalisa. Wasu sun bar ce mini Jagora, wasu ba su bari ba. Ni kuma ban sake buɗe bakina a kan tafiyar ba, ko da an tsokane ni.

Kwana goma sha shida bayan Alhamis ɗin nan Tahira ta aiko kirana. Tana zaune a tsakar gida cikin takaba, Madam Saudatu na kusa da ita. Madam ta karanta sabuwar takarda da ƙarfi, da Faransanci, sannan ta mayar da Hausa: Maliki, ɗan wane da wance, an haife shi a Maraɗi. Tahira ta karɓa ta naɗe a leda ta sa ƙarƙashin tabarmar da take zaune.

Sannan ta miƙo mini wata, tsohuwa, ta yi ja, an ɗinke tsakiyarta da ƙulli na zare.

"Wannan ba tamu ba ce yanzu, Baba. Kai kaɗai ka san inda mai ita yake."

Washegari na hau motar Tsibiri, na sauka kafin gari. Gidaje sun cinye wajen da na sani, an yi gidan mai, an ja waya. Na bi ta baya har na fita gonaki. Gero ya yi kai, ya fi ni tsawo. Na yi gabas, na dawo, na yi arewa. Ni da ban taɓa ɓata hanya ba.

Wata mata mai yankan ciyawa ta ɗago ta gaishe ni, ta ce ko na ɓata ne. Na ce a'a, hutawa zan yi. Na zauna a bakin kunya, na ɗora takardar a gwiwa, na danne ta da hannu don iska.