Ƙwayar Asuba da Kofin Mijinyawa

Shekara goma sha tara Malam Sayyadi yana jan baƙi a tafsirin azumi a masallacinsu na unguwar Treichville a Abidjan, kuma ba yabon kai ba, idan ya ɗauko aya har masu sayar da aloko, soyayyar agada, a bakin titi sai sun yi tsit. To bana muryar ta ce ba ta san zancen ba. Ta dushe, ta yi kauri kamar an cusa masa tsumma a wuya. Ga gyangyaɗi da rana tsaka, ga jin sanyi a garin da kowa ke fifita. Saura wata biyu da rabi azumi, sai limamin ya ja shi gefe ya ce idan abin bai gyaru ba, Abdulbaqi ne zai hau kujerar. Abdulbaqi fa! Mutumin da Malam ya koya wa riƙe numfashi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ba wai bai san ciwonsa ba ne. Tun bara likita ta ce wata 'yar tsoka a gaban maƙogwaronsa, wadda suke kira tiroyid, ta yi kasala, aka ba shi wata mitsitsiyar ƙwaya ya riƙa sha kullum da safe kafin ya ci komai. Ya sha, ya ji daɗi. Matsalar ta faro ne ranar da matarsa Hajiya Lailatu ta kafa dokar hana sukari da madara a gidan saboda shekaru.

Malam bai yi musu ba, malami ne. Sai dai ya tsiro da dogon wuridi bayan asuba, wuridin da ba a yin sa a ko'ina sai a kan bencin Mijinyawa mai shayi. Nan zai jefa ƙwayar a baki, ya kora da kofi mai madara, ya bi ta da ƙwayar ƙarfin ƙashi da wani aboki ya kawo masa don ciwon gwiwa. Har fatawa ya ba kansa: an ce a sha ciki babu komai, kuma lokacin da ƙwayar ta shiga ai babu komai ɗin.

Ranar komawa asibiti 'yarsa Ni'ima ce ta raka shi unguwar Adjamé, don Faransancin Malam bai wuce na cinikin tumatir ba. Suka sha cunkoson mahaɗar Indénié a cikin gbaka, 'yar bas ɗin haya, yaron motar na ihu, Malam na barci.

Likitar ta duba takardar gwajin jini ta yamutsa fuska, ta yi ta zuba. Ni'ima ta juyo.

"Baba, ta ce kamar maganin ba ya shiga jikinka. Da me kake sha?"

"Da bisimilla."

"Baba mana! Ta ce kofi da madara da waken suya da maganin ƙashi duk suna tare ƙwayar a ciki. Idan kana haɗa su, gyara mai sauƙi ne. Idan ba ka haɗawa, to sai an shiga dogon bincike, kuma ka huta da karatu har bayan salla."

Bayan salla! Malam ya hango Abdulbaqi a kan kujerarsa yana gyara rawani. Ya kuma hango fuskar Hajiya. Wallahi bai san wanda ya fi tsoro ba. Sai dabara ta zo masa: ya gaya wa likita da kansa, ta bayan tafinta. Ya karkato, ya rage murya.

"Doktar... kafe. Kafe ole. Tu le matan."

Wato kofi da madara, kullum da safe. Ya manta shaf cewa yarinyar da ke gefensa a Abidjan aka yanke mata cibi. Ni'ima ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ke! Abin da ke tsakanin majinyaci da likita amana ne."

"Baba, ai Mama ta sani."

"Ta san me?"

"Tun satin farko. Matar Mijinyawa ce ke mata kitso. Ita ce ma ta aika masa ya daina zuba maka madarar gwangwani, ya koma ta waken suya, wai ta fi lafiya."

Malam ya dafe kai. Wato wata shida yana yaba wa Mijinyawa sabon hannu, ashe hannun Hajiya yake sha! Da Ni'ima ta fassara, likitar ma sai da ta ajiye biro ta dara, sannan ta ce ruwa zalla, a jira awa ɗaya kafin karin kumallo, maganin ƙashi kuwa sai da rana, a dawo gwaji bayan sati shida.

A gida ba wanda ya tayar da zancen. Washegari ya dawo daga masallaci kai tsaye, ya tarar da Hajiya zaune da kofin ruwa da ƙwaya a tafin hannu, ga agogo a gabanta.

"Malam, yau babu wuridi?"

"Na taƙaita."

Ya haɗiye. Suka zauna suna kallon agogo, kowa da laifinsa a baki. Da awa ta cika ta tashi ta dawo da kofi mai tururi, har da sukari rabin cokali.

"Ni na ƙara maka ciwon," ta ce, idonta a ƙasa. "Ka yafe ni. Shekara goma sha tara ina zama bayan labule ina jin muryar nan, ban shirya jin ta wani ba."

Ranar ɗaya ga azumi, Abdulbaqi ne ya matso masa da lasifika. Malam Sayyadi ya gyara zama, ya ja numfashi, ya ɗauko ayar farko, masu aloko a waje suka yi tsit.