Ƙarfen Jibin Iya Rifkatu

Ni Hauwa nake, aure ya kawo ni Limancin Kona, a nan na musulunta. Uwata Iya Rifkatu kuwa tana nan da addininta. Da ƙafafunta suka mutu na ɗauko ta daga ƙauyenmu, Rafin Tsamiya, ba ta zo da komai ba sai wani ɗan ƙarfe kamar kwabo, ƙulle a bakin zaninta.

Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa cocin Presbiteriya na ƙauyen. Al'adarsu, ranar Asabar dattijon coci zai bi gida-gida yana raba ƙarfen nan, ranar Lahadi ka miƙa shi, a ba ka Jibin Ubangiji. Babana ne dattijon. Wata Asabar ya danƙa wa Iya nata, kafin Lahadi ya rasu. Tana zaman makoki aka haɗe cocinsu da na maƙwabta, daga baya aka sake haɗe su da wani na gari. Ginin nasu yanzu masara ake zubawa a ciki, wallahi abin yana ci mini rai.

"Hauwa, a hannuna ya sa shi," in ji ta. "Sai na mayar, na ci Jibi, kafin in tafi."

Na yafa mayafi na je wurin faston gari, wani matashi mai fara'a. Ya juya ƙarfen, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Ya buɗe littafin 'yan coci, babu Rifkatu, babu ma Rafin Tsamiya.

"Sai dattawa sun zauna, Hajiya. Mako biyu."

"Mako biyu? Haba Fasto! Matar da ta share cocinku shekara arba'in?"

Ya ba ni haƙuri. Na dawo na yi wa Iya ƙarya, na ce jibi zai zo. Kullum da hantsi sai ta sa in ɗaura mata farin ɗankwali, tana jiransa.

Ranar Alhamis ta rasu. Da ƙyar na ɓamɓare yatsunta daga ƙarfen.

Ranar Lahadi sai ga fasto a zaure da gurasa da ɗan kofi, yana murna an gano sunanta a wani tsohon littafi. Na gaya masa tun Alhamis ta rasu. Na miƙa masa ƙarfen, na ce Iya ta ce a mayar.

Ya riƙe shi, idonsa ya cika. Ya ce, "Hajiya, wa zan ba?"