Ƙwayar Shinkafar Iyatu

Tun ranar da ƙaiƙayin shinkafa ya faɗa wa Malam Hambali a ido wajen sussuka, duniya ta koma masa kamar yana kallon ta ta bayan labule. Ciwon ya warke, amma ya bar hakiya, ɗan farin tabo a gefen baƙin idon dama. Na hagu kuwa tun yana yaro ƙyanda ta tafi da shi.

Aikinsa buɗe ƙofar ruwa a babban kanal na Bunkure, hanyar ruwan noman rani. Kullum da safe sai ya karanta lambobin da ke jikin ƙarfen awo a tsakiyar ruwa, ya san yawan da zai sakar wa masu alkama da tumatir. Ranar da ya kasa karanta su, ranar aiki ya ƙare.

Sau biyu ya je asibitin ido a Kano a 1986. Suka ɗora haɓarsa a kan wata na'ura, suka hasko fitila, suka ɗauki hoto. Zuwan farko aka ce tabon milimita biyu ne, na biyu aka ce uku.

"To likita, hakiyar girma take yi ke nan?"

"Malam, ba zan rantse ba. Mai ɗaukar hoton daban, hasken ma daban. Gefen hakiya kamar hayaƙi yake, kowa da inda yake ganin ya ƙare."

Abin ya ba shi haushi ƙwarai. Mutum ya sha motar Kano sau biyu, a ce masa wai hayaƙi!

Matarsa Iyatu ta ce a bar mata awon. Ta samo ƙwayar shinkafa ɗaya ta ƙulle a ƙyalle, ta ɗaura a wuyan tandun kwallinta. Duk Juma'a da hantsi sai ta zaunar da shi a bakin ƙofa, ta ɗage fatar idon, ta kara ƙwayar kusa da tabon.

"Tana nan, Malam. Ko rabin ƙwayar ba ta kai ba."

Sai ya tafi kanal da sanyin rai. Can kuwa balbelu sun fara narkewa a cikin sama, sai ya ga fari yana tafiya ba fuka-fuki. Ruwa da gonakin alkama suna shiga juna a hankali, masu ban-ruwa kamar suna tafiya a kan hazo. Wani lokaci har abin yakan yi masa kyau, ya tsaya yana kallo ya manta da kansa. Lambar bakwai ce kawai ta fara rikiɗe masa tana komawa ɗaya.

Wata Laraba Iyatu ta tafi barka Garun Malam. Yana laluben carbi hannunsa ya taɓa tandun, ya kwance ƙullin. Ƙwayoyi uku ya ji a tafinsa: guntun tsakin shinkafa, da gajeruwar shinkafar fadama, da doguwar nan ta sabon iri da aka kawo wa manoman rani. Ya jera su a kan tabarma, daga ƙarama zuwa babba. Wato duk sanda tabon ya ƙaru, sai ta sauya ƙwaya mafi girma. Ashe Iyatu ta daɗe da sanin abin da na'urar Kano ta kasa rantsewa a kai. Tausayinta ya kama shi fiye da na kansa.

Ranar Juma'a ya zauna a bakin ƙofa kamar kullum. Ta ɗage fatar idon, ta kara ƙwayar.

"Tana nan, Malam."

"Alhamdulillahi. Iyatu, miƙo min gorar nan da wuƙa."

"Me za ka yi da su?"

"Ruwan zan fara koyon aunawa da hannu."

Ta miƙo masa, sannan ta zauna ta riƙe masa kan gorar, shi kuma ya fara yanka tsaga ta farko, yana shafawa da babban yatsa.